Mu Ne a Wutsiyar Gulbi: Wa Ke Raba Ruwan Sakkwato da Rima?



Na san wasu da ganin kan maganar za su ce, haba Malam, mu da ba ma iya zuwa gona sai da fargaba, ina mu ina zancen rabon ruwa? Gaskiyarku. Amma ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe, don ina ganin wannan magana tana daga cikin waɗanda in ba a yi su yanzu da sanyin rai ba, wata rana za a yi su da zafi.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Shekarun baya, baffana yana noman albasa da tattasai a bakin wata ƙorama, a wani ƙauye da ke kusa da iyaka. Wajen tsakiyar watan Maris, albasa ta fara ƙwai, sai ruwa ya ɗauke cikin kwana biyu. Ba janyewar da aka saba gani a hankali ba, ɗaukewa ɗaya. Samari suka bi ƙoramar da ƙafa, suka tarar mutanen ƙauyen da ke sama sun jera buhunan yashi sun tare ta, injina suna ta zuƙa. Da suka dawo, shawararsu ɗaya ce: a je da dare a farke buhunan. Baffa ya hana. Aka je wurin mai gari, ya ce wancan ƙauye ba ƙasarsa ba ce, ba ma jiharmu ba ce. Aka ce to a kai wa hakimi. Shi hakimin wa zai rubuta wa? In ya rubuta wa ƙaramar hukuma, ita kuma ta rubuta Birnin Kebbi, kafin takarda ta tsallaka zuwa wata jiha ta dawo, damina ta faɗi.

Abin da ya raba gardamar a ƙarshe surukuta ce. Limamin wancan ƙauye yana auren 'yar ƙauyen su baffa. Aka zauna ranar kasuwa nan Bena, a rumfar wani mai hatsi, aka yanke cewa na sama su riƙe ruwa kwana uku, su sake shi kwana biyu. Kowa ya koma gida ba a zubar da jini ba. Albasar da ta riga ta ƙone dai ba ta dawo ba, kuma baffa ya shekara yana biyan bashin taki.

Na daɗe ina tunanin wannan zama. Da babu auren nan fa? Babu wani ofis, babu wata takarda, babu wani alƙali da aka tanada domin irin wannan rana. To abin da ya faru a wannan 'yar ƙorama, shi ne yake faruwa a kan manyan gulabenmu, sai dai can a maimakon buhunan yashi, madatsun ruwa ne na biliyoyin naira, a maimakon kadada biyu ta albasa kuma, abincin miliyoyin mutane ne.

Mu ɗan duba yadda ruwan yake tafiya. Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtuwa a jihar Katsina, ya ratsa Gusau, ya bi ta Talatar Mafara, ya isa birnin Sakkwato inda ya haɗu da Rima. Shi kuma Rima ruwansa daga Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi yake. Daga Sakkwato sai ruwan ya karkato kudu, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, Gulbin Zamfara ya zubo masa, Gulbin Ka na nan ɓangarenmu ya zubo masa, sannan ya faɗa kogin Neja. Wato duk wani ruwa da ke shimfiɗe a fadamar Argungu ko ta Suru, sai da ya wuce ta hannun Katsina, ko Zamfara, ko Sakkwato, wani ma sai da ya leƙa Jamhuriyar Nijar ya dawo. Kebbi ita ce wutsiya. Abin da aka rage shi muke samu, abin da ya fi ƙarfin na sama kuma a kanmu yake sauka.

A da wannan bai zama abin damuwa sosai ba, saboda hukuma ɗaya ce ke riƙe da mafi yawan ƙasar. Lokacin da aka fara aikin Bakolori a 1974, da Talatar Mafara da Argungu da Zuru duk suna ƙarƙashin gwamna ɗaya a jihar Arewa maso Yamma. A 1976 aka raba ta gida biyu, Sakkwato da Neja. A 1987 Katsina ta fita daga Kaduna. Ran 27 ga Agusta 1991 aka ba mu Kebbi, ran 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Zamfara. Kowane lokaci an zauna an raba motoci da gidaje da ma'aikata, har rigima an yi a kan kadarori. Gulbi kuwa ya ci gaba da gudu kamar yadda ya saba, sai dai yanzu gwamna huɗu ne a bakinsa, kowa da alkawarin noman rani da ya yi wa mutanensa.

An gama Bakolori a 1978, tana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, da niyyar ban ruwa ga hekta kusan 23,000. Abin da aka fi tunawa da ita shi ne abin da ya faru a watan Afrilun 1980, lokacin da manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane. Allah ya jiƙansu. Amma akwai wasu da Bakolori ta cutar waɗanda ba su shiga labarai ba, su ne manoman fadama da ke ƙasa da madatsar. Su noman shinkafarsu ya dogara ne da cikowar gulbi kowace damina: ruwa ya malala, ya kwanta, ya bar laka, ya janye. Da aka tare shi sama, cikowar ta ragu, fadamar da ke ba da shinkafa ta koma ta gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci, masunta da yawa suka naɗe komarsu suka yi ƙaura. Waɗannan ba a karɓe musu ko taki ɗaya na ƙasa ba, saboda haka babu wanda ya lissafa su cikin masu diyya. Ruwansu aka karɓe, shi kuwa ruwa ba shi da takardar mallaka.

Sai Goronyo a kan Rima, wadda aka gama a 1984, ta ninka Bakolori girma, kubik mita miliyan 942. Ita ce ke riƙe da ruwan shan Sakkwato, kuma ruwan da take saki da rani shi ne ran noman rani har zuwa Argungu da Birnin Kebbi. Mun ga fuskokinta biyu. A watan Satumban 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ya yi ambaliyar da ta cinye garuruwa, ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta gangaro ta shafe gonaki a Kebbi. A farkon 2018 kuma hukumar da ke kula da ita da kanta ta faɗa cewa ruwan da ya rage a ciki bai wuce kashi goma cikin ɗari ba. A 2020 ambaliya ta sake cinye shinkafar Kebbi, rahotanni suka ce kusan hekta 450,000, shekara biyar kacal bayan Shugaba Buhari ya zo Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi. Manomi ya ci bashi a kan ruwan da bai san ranar zuwansa ba, bai san ranar ɗaukewarsa ba.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban ce madatsa ce ke kawo kowace ambaliya ba, ruwan sama ya canza, yashi ya cike gulabe, mu ma mun yi gini a hanyar ruwa. Kuma ban ce a rushe Goronyo ba, da babu ita da noman ranin da muke alfahari da shi bai kai haka ba. Tambayata ita ce: ranar da ruwa ya yi ƙaranci a Goronyo, wa ke yanke cewa kaso kaza na famfon Sakkwato ne, kaso kaza na masu noma a gefen madatsa, kaso kaza kuma a sake shi ya gangara Kebbi? Da wane ma'auni? A wace takarda aka rubuta, da manomin Augie ko na Bunza zai ɗauka ya ce an tauye ni?

Amsar doka a taƙaice take. Kundin tsarin mulki na 1999, a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, abu na 64, ya sa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun Majalisar Tarayya. Tun kafin nan, dokar soja mai lamba 101 ta 1993 ta riga ta damƙa wa gwamnatin tarayya ikon amfani da sarrafa irin wannan ruwa, na sama da na ƙarƙashin ƙasa. Dokar ta bar wa talaka ya ɗebi na sha da na shayar da dabbobi kyauta, ya yi su, ya shayar da gonar da yake da haƙƙi a kanta. A aikace kuma madatsun suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda aka kafa tun 1973, hedikwatarta a Sakkwato, shugabanninta kuma daga Abuja ake naɗo su. Ke nan a takarda babu wata rigima: ruwan ba na Zamfara ba ne, ba na Kebbi ba ne, na tarayya ne.

Sai dai mallaka daban, rabo daban. In uba ya ce rumbun nan nawa ne, bai faɗi mudu nawa kowane ɗaki zai samu ba, ɗakin da ya fi kusa da rumbu shi zai ƙoshi. Haka abin yake. Wanda ke bakin madatsa yana ganin ma'aikaci ido da ido, gwamnansa na iya ɗaga waya. Wanda ke nesa da kilomita ɗaruruwa sai dai ya wayi gari ya ga abin da gulbi ya kawo.

A nan ne ƙudirin dokar ruwa da aka yi ta hayaniya a kansa ya shigo. Gwamnatin Buhari ta aika da shi majalisa a 2017, lokacin Injiniya Suleiman Adamu yana ministan ruwa. Ya wuce a Majalisar Wakilai, ya maƙale a ta Dattawa a 2018. Aka farfaɗo da shi a 2020, aka janye, Honorabul Sada Soli na Jibiya da Kaita ya sake gabatar da shi a 2022, daga ƙarshe Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Yunin 2023. Mutane irin su Wole Soyinka da Gwamna Samuel Ortom na Binuwai sun yaƙe shi, suna cewa dabara ce ta ƙwace bakin koguna a bai wa makiyaya. Mu kuma a nan Arewa da yawanmu mun goyi bayansa ne don kawai mun ga waɗanda ke adawa da shi, ba don mun karanta ba. Ni ma ina cikin masu wannan laifi a farko.

Ra'ayina yanzu shi ne kowane ɓangare ya yi kuskure. Masu adawa suna da hujja a batun lasisi da tsoron kada a wayi gari mai rijiyar burtsatse yana neman izini daga Abuja, kuma gwamnati ba ta yi ƙoƙarin kwantar musu da hankali ba. Amma da suka kashe ƙudirin, ikon da suke tsoro bai koma hannun jihohi ba. Yana nan inda dokar 1993 ta ajiye shi. An yi shekara shida ana faɗa a kan wa ya mallaki gulbi, alhali tambayar da ta dami manomi ita ce nawa zai iso gare ni, kuma yaushe. Wannan tambayar ko kusa da ita muhawarar ba ta je ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mun iya wannan lissafi idan da baƙo ne. A watan Yulin 1990 Nijeriya da Nijar sun sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai, cikinsu har da Gada, wanda ke tasowa a Katsina, aka tare shi a madatsar Jibiya, ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya sake dawowa ya zuba a Rima. A kan kogin Neja kuma akwai hukumar ƙasashe tara mai mazauni a Yamai tun 1980, kuma duk lokacin da aka ambaci madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa a yankin Tilaberi, jami'anmu sukan nuna damuwa kan abin da zai rage wa Kainji. Wato idan mu ne a ƙasa da wata ƙasa, mun san cewa na ƙasa yana da haƙƙi. Ko yarjejeniyar Maiduguri ana aiki da ita yadda ya kamata, wannan wata magana ce, amma aƙalla Bamaraɗe yana da takardar da zai nuna. Bakabe fa?

Ba sai mun je nesa ba don ganin inda sakaci ke kaiwa. Ku dubi gabas. An gina Tiga a 1974, aka gina Challawa a 1992, duk a Kano. Ruwan da ke malala a dausayin Haɗeja da Nguru ya canza, maimakon ya zo da ƙarfi da damina ya janye da rani, sai ya koma ɗan kaɗan kullum. Ciyawar kacalla ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa ruwa ya kwanta musu a gona shekara da shekaru, wasu a Yobe suka rasa shi gaba ɗaya, tsuntsayen jan-baki suka samu gidan kwana. Madatsar Kafin Zaki da Bauchi ke so a kan kogin Jama'are ta shekara arba'in tana jawo cacar baki da Yobe da Borno. Sai a 2006 gwamnonin jihohi shida, Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka yarda a taron Damaturu a kafa asusu na haɗin gwiwa domin kula da kogin. Bai warware komai da komai ba, amma ya kafa hujja: jihohi na iya zama su yi magana a kan ruwa ba tare da jiran wata sabuwar doka daga Abuja ba. Su sai da gemu ya kama wuta suka zauna. Mu namu ya fara hayaƙi.

A waje ma akwai darasi, na kirki da na tsoro. A Amurka jihohi bakwai sun raba ruwan kogin Kolorado a 1922, amma sun yi lissafin ne da shekarun da ruwa ya yi yawa, suka raba abin da kogin ba ya iya bayarwa kullum. Shekara ɗari bayan haka, a 2022, babban tafkinsu ya sauka ƙasa fiye da kowane lokaci tun da aka cika shi, suna ta jayayya kan wa zai rage. Darasin shi ne a yi rabo da shekarar fari a zuciya, kuma a raba da kaso, kada a raba da adadin da ba a da tabbas da shi. A Indiya kuma jihohin Karnataka da Tamil Nadu sun yi ta rikici a kan kogin Kaberi, har da ƙone-ƙone da asarar rayuka a 1991 da 2016. Kotun musamman da aka kafa a 1990 sai a 2007 ta yanke hukunci, Kotun Ƙoli ta rufe maganar a 2018. Abin da ya burge ni a hukuncin shi ne sauƙinsa: an zaɓi wuri ɗaya a kan iyakar jihohin biyu, an ce kowane wata ga yawan ruwan da dole ya wuce ta nan, kuma ana aunawa. Shekara ashirin da takwas a kotu kafin a kai ga abin da dattawa suka yanke a rumfar mai hatsi cikin yini ɗaya.

Kuma mu Musulmi wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Malamai sun kawo rigimar Zubairu ɗan Awwam da maƙwabcinsa Ba'ansare a kan ruwan da ke gangarowa gonakin dabino a Madina, da hukuncin da Manzon Allah (SAW) ya yi a kan ƙoramun Madina, cewa na sama ya shayar har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya saki ga na ƙasa. Ku lura da abu biyu a ciki. An ba na sama haƙƙin farawa, ba a ce ya bar gonarsa ta bushe ba. Amma an sa masa iyaka da ma'aunin da kowa zai iya gani da idonsa. 'Yan'uwanmu Kirista na ƙasar Zuru ma ba na jin akwai wanda zai ce addininsa ya yarda ka ƙoshi ka bar maƙwabci da ƙishi. A al'ada kuma Sarkin Ruwa a Argungu yana hana su a Matan Fada har sai lokaci ya yi, kowa kuma yana bi. Ƙa'idar muna da ita, rubuta ta tsakanin jihohi ne ba mu yi ba.

To me nake nema? Gwamnonin Arewa maso Yamma suna haɗuwa a kan tsaro, suna haɗuwa a kan siyasa. Ina so gwamnan Kebbi, tunda mu ne a wutsiya kuma mu abin ya fi dama, ya sa maganar ruwa a teburin, ya nemi Katsina da Zamfara da Sakkwato da hukumar kogunan su zauna a rubuta yarjejeniya. A cikinta a faɗi mafi ƙarancin ruwan da dole ya wuce iyakar Sakkwato da Kebbi a kowane wata na rani, a kafa ma'auni a wurin, a riƙa karanta adadin a rediyo da Hausa kamar yadda ake karanta farashin hatsi. A faɗi yadda za a raba ragin idan shekara ta zo da fari, domin kada ya zama na ƙasa ne kaɗai ke ɗaukar asara. Kafin a buɗe ƙofofin Goronyo ko Bakolori da damina, sanarwa ta isa ga hakimai da sarakunan noma da kwanaki, ba ranar da ruwa ya iso bakin gari ba. Kuma a wurin zaman a ajiye kujera ga manomin fadama da masunci da makiyayi, don su ne suka san inda ɗakin ke yoyo. Makiyayi musamman: duk mun san rigima nawa ta faro daga mashayar da aka kewaye da lambu, ko burtalin da ya bi ta bakin rafi aka nome shi.

Wani zai ce ai wannan duk maganar mutanen Argungu da Gwandu ce, mu a ƙasar Zuru tudu muke, noman damina muke yi, masara da dawa da waken suya. A nan nake so mu yi wa kanmu adalci, domin ta fuska biyu abin ya shafe mu.

Ta farko, ruwan da ke gangaro mana daga Zamfara ba yawansa kaɗai ne abin dubawa ba, har da abin da ya ɗauko. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. A 2015 irin haka ta faru a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ga mu a tsakiyar jihohin biyu. Ana wanke ƙasar zinariya a bakin rafuka, ana amfani da sinadarai masu guba, damina ta zo ta kwashe ta yi ƙasa da su. Matanmu suna wanki a wannan ruwa, shanu suna sha, yara suna wanka. In an rufe ramin haƙa a jiha ɗaya, ba a rufe rafin ba. Duk yarjejeniyar da za a yi, dole ta haɗa da auna tsabtar ruwa a kan iyaka, a kuma faɗa wa jama'a sakamakon.

Ta biyu kuma, wadda ba ma son ji, ita ce mu ma muna saman wasu. Ruwan da ya sauka a duwatsunmu yana gangarawa ne ga mutanen da ke ƙasa da mu, wasu a Kebbi, wasu a Neja. Kowane lokacin zaɓe muna roƙon 'yan takara su yi mana dam, kuma muna da gaskiya, matasanmu suna buƙatar aikin rani maimakon tafiya ci-rani. Amma ranar da aka tare Gulbin Ka ko wani reshensa domin mu, akwai masunci da mai shinkafa can wajen Bagudo da zai wayi gari kamar yadda baffana ya wayi gari. In muna so Sakkwato ta saurare mu a kan Goronyo, sai mu yarda na ƙasa da mu ya tambaye mu. Mutanen Yawuri sun san ɗacin a yanke hukunci a kan ruwanka ba ka wurin: tun da aka gama Kainji a 1968 aka tashi garuruwansu, hukumar da aka ce za ta kula da yankunan da madatsun lantarki suka shafa sai a 2010 aka yi dokarta, aka ƙara wasu shekaru goma kafin ta fara aiki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu da babu wata babbar madatsa a kan Ka, yanzu ne rubuta ƙa'ida ke da sauƙi, domin babu wanda ya riga ya zuba kuɗi yana kare su. Ranar da aka zuba kankare, magana ta zama ta wanda ya riga ya riƙe.

Saboda haka ga abin da nake roƙon 'yan wannan zaure, musamman waɗanda ke da kusanci da 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, da ɗalibanmu da ke karatun noma a nan Zuru. Duk wanda ya zo mana da alkawarin dam, mu karɓa da hannu biyu, sannan mu tambaye shi: a kan wane rafi, ƙauyuka nawa ne ke ƙasa da wurin, an zauna da su, kuma kwana nawa za a riƙa sakar musu ruwa da rani? Wanda kuma yake da labarin irin abin da ya sami baffana a ƙauyensu, ko an sasanta ko ba a sasanta ba, ya rubuto mana sunan rafin da watan da abin ya faru da yadda aka ƙare. Ina so mu tara su wuri ɗaya kafin ƙarshen wannan rani, mu miƙa wa ɗan majalisarmu na Danko/Wasagu a rubuce, da kwafi zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Zuru.